Mainin: Gayya Muke Yi ko Gayyata Kawai?

Duk wanda ya yi zaman makaranta a shekarar 2024 ya san lokacin da yatsa ya fi biro aiki. Malami na kan allo, rabin aji na danna waya a ƙarƙashin benci. Notcoin ce ta buɗe ƙofa da ta fashe a ranar 16 ga Mayu, sai Hamster Kombat ta kwashe sauran jama'a, 'yan Pi kuwa dama tun 2019 suke jira. Har yau ba a rabu da Bukar ba. Kusan kowane mako sai wani ya turo maka linki yana cewa "shigo tawagarmu, mu yi mainin tare, wannan karon za ta fashe." Kalmar "tare" ɗin nan ce nake so mu tattauna a kanta, 'yan uwa ɗalibai, domin a ganina abin da muke kira aikin tawaga a mainin ɗin waya tara mutane ne kawai ake yi wa wani.

Mu da muka fito daga ƙasar Kafur, daga Gozaki ko Mahuta ko Masari, mun san gayya tun muna yara. Mai gona ya sanar da samarin unguwa, ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗi. Kowa ya zo da fartanyarsa ya kama kunyarsa. Akwai masu noma, akwai yaran da ke kawo ruwa, akwai dattijon da ke bin baya yana duba inda aka bar ciyawa. Aikin da zai ci mutum ɗaya mako guda sai a gama shi kafin azahar, gobe kuma a koma gonar wani. Abin lura shi ne, zuwan kowane mutum yana ƙara yawan kunyoyin da aka nome, kuma kowa ya san ranar da za a zo masa. Da wannan awo ya kamata mu auna duk abin da aka kira mana aikin haɗin gwiwa.

Abin mamaki, inda aka fi kama wannan tsari na gayya a intanet wani wasan kwamfuta ne mai suna EVE Online, wanda kamfanin CCP Games na ƙasar Aisilan ya fitar a watan Mayun 2003. Wasa ne na sararin samaniya mai taurari sama da dubu bakwai, kowane ɗan wasa da jirginsa. Kusan duk jirgin da ke yawo a ciki 'yan wasa ne suka ƙera shi, da ma'adinin da wasu 'yan wasan suka haƙo daga duwatsun da ke shawagi a sarari, suka kai kasuwa suka sayar da kuɗin wasan da ake kira ISK. Kasuwancin ya yi girman da a 2007 sai da kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Dakta Eyjólfur Guðmundsson, aikinsa shi ne sa ido a kan farashi da hauhawarsa. Wato a can mainin haƙa ne da ke da mai saye, tun da wani yana buƙatar abin da ka haƙo don ya ƙera wani abu.

Sabon shiga a wasan yana farawa da ƙaramin jirgin haƙa mai suna Venture, wanda ake ba shi kyauta idan ya kammala darussan farko. Cikinsa ƙarami ne. In yana aiki shi kaɗai, da ya cika sai ya bar wurin haƙa, ya koma tasha ya sauke, ya sake dawowa. Lokaci mai yawa yana tafiya a hanya. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa sabo ya nemi tawaga, kuma dabarun da suke koya masa babu wanda ɗan manomi zai ji baƙonsa.

Na farko, a raba aiki. Masu haƙa ba sa barin dutse. Suna zuba abin da suka samu a wuri ɗaya, mutum guda mai babban jirgin dako shi ke jigila zuwa tasha. Idan akwai wani babba mai jirgin Orca, sai ya tsaya a tsakiya, domin jirginsa yana ƙara wa na kusa da shi saurin haƙa, kuma yana da rumbun da kowa zai zuba. Mutum biyar da suka tsara kansu haka sun fi mutum biyar da kowa ke haƙa yana dakon kansa, kamar yadda ranar girbin masara ba a cewa kowane mai karya ya ɗauki buhunsa ya kai gida ya dawo. Amalanke ɗaya ta ishi kowa.

Na biyu, kowa ya kama dutsensa. In mutum uku suka taru a kan ƙaramin dutse ɗaya, zai ƙare a tsakiyar zagayen injinsu, su yi asarar lokaci a banza. Kunya ɗaya ba ta buƙatar fartanya uku.

Na uku, a sa mai gadi, kuma a fita da abin da za a iya jure rasawa. Ko a yankunan da ake kira masu tsaro, 'yan sandan wasan suna hukunta wanda ya harbe ka ne bayan ya riga ya harba, ba sa dawo maka da jirginka. Akwai 'yan wasan da sana'arsu ke nan, farautar masu haƙa. Don haka mutum ɗaya yana duba jerin waɗanda suka shigo yankin, da ya ga baƙuwar fuska mai mugun tarihi sai ya yi magana kowa ya gudu. Sabo kuma ba ya zuba duk jarinsa a jirgi mai tsada.

Na huɗu, a san kasuwa kafin a fara haƙa. Ana duba farashi a Jita, babbar kasuwar wasan, a ga wane ma'adini ke tafiya. Wanda ya fi kowa ƙwarewa a tacewa shi ake miƙa wa ɗanyen dutse, saboda a hannunsa ya fi auki. Manomin da ya san farashin waken suya a Funtua da Dandume kafin ya yanke shawarar abin da zai shuka, shi ma lissafin da yake yi ke nan.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci: a yi maganar rabo kafin a tashi, kuma a rubuta. Wa ya zo, ƙarfe nawa ya shigo, ƙarfe nawa ya fita, nawa ne kason mai dako da mai gadi waɗanda ba su haƙa ko ƙwaya ba amma ba don su ba da aikin bai yiwu ba. Sakacin lissafi a wasan nan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Janairun 2014 an gwabza wani yaƙi a yankin B-R5RB wanda ya kai awa 21, aka yi ƙiyasin jiragen da suka ƙone sun kai darajar dala dubu 300. Mafarinsa kuwa kuɗin riƙe yankin ne da ba a biya a kan lokaci ba.

To yanzu mu ɗauki wannan awo mu ɗora a kan mainin ɗin wayarmu. In na shiga ta linkinka, wane aiki muka raba? Babu. Ni ina dannawa a ɗakina, kai kana dannawa a naka. Dannawar ba ta haƙo komai, ba kamar injinan Bitcoin ba da ke cin wuta suna tabbatar da cinikin da ke gudana. Lamba ce kawai ke ƙaruwa a allon waya. Wa ke gadi? Babu. Wa ya faɗa mana ƙa'idar rabo kafin mu fara? Babu, sai da aka kusa ƙarshe masu abin suka bayyana yadda za su raba. Kuma abin da ya fi ciwo, a gayya ƙaruwar mutane tana ƙara amfani, a nan kuwa ƙaruwar mutane rage kason kowa take yi, domin tuwon da za a raba an riga an yanke girmansa.

Ga lissafin Hamster, kowa ya ɗauko kalkuletarsa. Masu wasan sun ce sun tara mutum miliyan 300. A cikinsu miliyan 131 aka ce sun cancanci rabo, kuma an ware musu kusan kwabbai biliyan 60. In ka raba, kowa ya tashi da kimanin 460 a matsakaici. Ranar 26 ga Satumba 2024 da ta shiga kasuwa, kowace ɗaya tana wajen santi ɗaya na dalar Amurka. Wato abin bai kai dala biyar ba, bai kai naira dubu goma ba a canjin lokacin, bayan watanni ana dannawa, ana neman lambar sirrin kullum, ana biyan mai cajin waya. Shi ya sa aka riƙa cewa "ƙura aka ba mu." A ɗaya gefen kuma, bidiyon da aka riƙa tura mu kallo don samun maki sun tara wa shafinsu na YouTube mabiya sama da miliyan 30. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Pi ma haka. Shekaru ana yaɗa cewa kowace ɗaya za ta kai dala 314,159, har wasu suna lissafin motar da za su saya. Da aka buɗe ta ga kasuwa a ranar 20 ga Fabrairu 2025, ta taɓa kusan dala uku, cikin 'yan makonni ta sauko ƙasa da dala ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai akwai waɗanda suka samu a Notcoin, mun gani da idonmu." Gaskiya ne, an samu. Waɗanda suka shiga da wuri, lokacin da masu rabon ba su yi yawa ba, da masu dubban mabiya da suka tara gayyata, sun ga kuɗi. Amma wannan ma hujjata ce. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya tara mutane, kai da aka tara kai ne ribar. Wasu kuma za su ce, "To me muka rasa? Ai kyauta ne." Ba kyauta ba ne, malam. Data kuɗi ce, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 ta ƙara tsada. Daren da ka raba kana dannawa daren karatu ne, kuma kwas ɗin da ka faɗi babu kwabon intanet da zai goge maka shi. Sannan ga hoton fuskarka da katin shaidarka da ka miƙa wa manhajar da ba ka san ofishinta ba, da sunan tantancewa. Mafi haɗari kuma, wanda ya saba jiran fashewa shi ne ya fi saurin faɗawa hannun masu cewa "zuba kaɗan ka kwashi da yawa." Yayyenmu sun gani a MMM a Disambar 2016, mu kuma mun gani a CBEX a Afrilun 2025.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa mu bar Hamster mu koma EVE. Wasan yana son kwamfuta mai ƙarfi da wuta da intanet mai kyau, abubuwan da yawancinmu ba mu da su a ɗakin kwana. Kuma dokar kamfanin ta hana sayar da ISK da kuɗin gaske, don haka ba hanyar neman kuɗin makaranta ba ce. Amma aƙalla shi ya faɗa maka gaskiya tun farko cewa wasa ne. Abin da na ɗauko daga cikinsa tsarin aikin ne, kuma tsarin namu ne tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta.

Wurin da za mu yi amfani da shi yana gabanmu. Dubi yadda muke firojet na rukuni: mutum shida a takarda, mutum ɗaya a aiki, sauran sai ranar kare aiki su zo suna tambayar "me aka rubuta?" Da an raba tun ranar farko, wannan ya tattaro bayanai, wancan ya yi gwaji, wani ya riƙe kuɗi da rasit, wani ya riƙa duba ranar miƙawa, da babu mai kwana a shagon buga takardu. Dubi kuma cefane. Kowannenmu ya san masara da wake sun fi araha da kaka a kasuwannin Malumfashi da Kafur fiye da tsakiyar damina. Ɗalibai goma 'yan ɗaki biyu za su iya haɗa kuɗi su sayi buhu a lokacin, ɗaya ya yi ciniki tun da ya san dillalai, ɗaya ya kula da mota, ɗaya ya riƙe littafi, a auna wa kowa tiyarsa gwargwadon abin da ya zuba. Ribar wannan ba ta jiran wani kamfani a ƙetare ya sa rana. Masu iya gyaran waya, haɗa sola, ɗinki ko zane a kwamfuta su ma haka: mai neman kwastoma daban, mai aiki daban, mai lissafi daban.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta shirya zama guda a wannan zangon, ta gayyato malamai daga sashen kwamfuta da na akanta, a baje lissafin waɗannan manhajoji a kan allo kowa ya gani, musamman sababbin ɗalibai da za a fara tura wa linki tun makon rajista. Kafin nan, duk wanda ya ce maka ka shigo tawagarsa, ka tambaye shi aikin da za ka yi wanda shi ba ya yi, ka tambaye shi wa zai sayi abin da kuka tara da kuma dalilin sayen, sannan ya nuna maka inda aka rubuta kasonka. In ya kasa amsawa, ka riƙe datarka, jarrabawa na tafe.