Ajaokuta: Har Yaushe Za A Yi Ta Zuba Kuɗi?

Tun 1979 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet don gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. An zuba dukiya mai ɗimbin yawa, amma har yau babban tanderunta bai taɓa narka ƙarfe ba. A 2022 kuma gwamnati ta yarda ta biya wani kamfanin Indiya dala miliyan 496 don kashe rigimar kwangila.

Kuɗin nan na talaka ne, har da ɗan dako a Apapa da mai albasa a kasuwar Mile 12, waɗanda rashin aiki ya raba da gida. Lalle ne wakilan jama'a su matsa wa gwamnati: ko ta gama aikin, ko ta sayar wa mai iyawa, a kuma bayyana inda kowane kwabo ya shiga.