RA'AYINMU: Akwatin Kwamfuta da Zafin Dutse

Wata sabuwar al'ada ta shigo ɗakunan kwanan ɗalibai a nan Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ɗalibi zai yi tattalin ɗan guzurinsa wata da watanni, ya tafi Kano ya sayo kayan cikin kwamfuta ɗai-ɗai, kana ya harhaɗa abarsa da hannunsa. Lalle wannan abin yabo ne. Inda muke da ja shi ne wajen zaɓen akwatin da za a zuba kayan.

Yawanci ana rububin mai gilashi gaba da gefe, mai fitilu ja da shuɗi, don dai a ce na wane ya fita daban. Kyan ɗan maciji ke nan. Gilashin gaba yakan tare iska, alhali kuwa a watan Afrilu zafin Dutse kan haura digiri 40. Kwamfuta in ta ɗau zafi sai ta rage gudu, in ya tsananta ta ɗauke ɗungurungum, wataƙila mutum na tsakiyar rubuta kundin kammala karatunsa. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe fanka.

Ba mu hana kowa fita daban ba. Ai Apple I ta 1976 ma tsirara aka sayar da ita, masu saye suka ƙera mata mazauni, wasu da katako. Kafintoci da masu walda na cikin gari ba za su kāsa ba, in an kai musu awo. Sai dai a gindaya musu sharaɗi: raga a gaba, fanka a baya, da matacin ƙura wanda za a iya zarewa a wanke.