Ƙirƙirarriyar basira a kasuwa: ƴar aike ce, ba shaida ba

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, maganar ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke taƙaita wa IA, ta game duniya. Fasaha ce da aka ɗura wa tarin rubutu da muryoyi da hotunan mutane, har ta kai tana amsa tambaya, tana fassara saƙo, tana kuma kwaikwayon muryar ɗan Adam. Wani zai ce ina ruwan mai fataucin farar albasar Sukukutane da wannan? To da ruwansa, domin duk inda babbar salula ta shiga, ita ma ta shiga, kuma cinikinmu na yau daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, Yamai ko Kamba, da yawansa ta WhatsApp ake ƙulla shi.

Ba mu ce ba ta da amfani ba. Ɗan kasuwar da bai yi lakwal ba yana iya sa yaronsa ya fassara masa takardar Faransanci nan take, mai tebur ta samu wanda zai tsara mata littafin bashi. Abin da muke ja wa hankali shi ne wuraren da kuɗi ke iya zurarewa.

Na farko shi ne lissafi. Mu nan da dala muke ƙirga, dala guda kuwa sefa 5 ce. In mace ta ce tiya ɗari ce, sefa 500 take nufi. In ta ce jika, sefa 1000. To amma akasarin Hausar da ke intanet, wadda daga ita waɗannan na'urori suka koya, ta Najeriya ce, inda dala ke nufin kuɗin Amurka, ɗari kuma ɗari ce ba ƙari. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, amma wannan bai sa ta zauna kasuwar Arewa ta ji yadda muke taya kaya ba. Saƙon da ya ce ɗari, in ya isa wurin mai saye a Kwatano a matsayin sefa 100, rigima ta tashi ke nan tun kaya ba su bar gari ba.

Na biyu shi ne farashi da doka. Na'urar ba ta zuwa kasuwa. Abin da ta taɓa karantawa take harhaɗawa, kuma in ba ta sani ba tana iya ƙaga amsa ta faɗe ta kamar gaskiya. Mu tuna yadda abubuwa suka yi ta juyawa: Naira ta faɗi a Yunin 2023, an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na shekarar, Najeriya ta buɗe tata a Maris 2024, a Oktoba 2024 kuma gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wanda ya ɗora lodi bisa amsar salula, ranar da jami'an duwan suka tsayar da motar shi za a kama, ba salular ba.

Na uku ya fi tsoratarwa, wato satar murya. Kasuwancinmu a kan amana yake tafiya: Alhaji ya aiko saƙon murya a tura wa wane jika 200 ta Nita ko Amana, yaro ya tura ba musu. Yau ɗan guntun saƙon murya ya isa a ƙera wata mai kama da taka. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup na Ingila da ke Hong Kong ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 ga ƴan damfara, bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, alhali duk na jabu ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na huɗu su ne masu cin kasuwa da sunan fasahar kanta. A Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rushe a Najeriya da kuɗin jama'a, bayan ya yi alkawarin ninka jari cikin kwana 30, wai ƙirƙirarriyar basira ce ke juya shi. Hukumar EFCC ta shiga bincike, amma mun san wuyar dawowar kuɗin da suka riga suka tafi. Kuɗin adashe da na auren ɗiya ba na irin wannan gwaji ba ne.

To ina mafita? Duk kuɗin da za a rubuta, a rubuta su da lamba a sefa, kuma wanda ya san ƙirgen kasuwa ya duba kafin a aika. Farashi a tambayi dillali da abokan fatauci, a saurari na SIMA, ma'aikatar da ke tattara farashin amfanin gona a kasuwanninmu. Batun doka a je wa duwan ko ƙungiyar ƴan kasuwa. Saƙon murya mai gaggawa kuwa, ko na mahaifinka ne, kashe ka kira lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Kada a ba kowace manhaja lambar sirri, hoton katin ɗan ƙasa ko sunayen masu bashi. Wanda aka cuta kada kunya ta hana shi zuwa wurin jandarma, domin tun 2019 ƙasarmu na da dokar hukunta laifukan intanet.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata su sa wannan magana cikin taronsu, gidajen rediyon karkara kuma su yi ta maimaita ta. Na'ura dai a aike ta, amma ranar da ciniki ya lalace ba za ta zo gaban sarkin kasuwa ta ba da shaida ba, mai kaya ne zai tsaya.