Kalangun Zango Na Neman Magaji

Jama'ar Zango na Parakou da Djougou,

A wani ɗaurin aure da na raka mai gidana kwanan baya, na ga abin da har yau bai bar zuciyata ba. Wani dattijo makaɗi yana zaune a bakin zaure, kalangunsa a hammata, tun hantsi har azahar ba wanda ya ce masa bismilla. Samari sun jera manyan lasifika, amon na'ura ya cika unguwa. Da aka watse ya tashi ya kama hanya, ba ɗa a bayansa, ba almajiri mai riƙe masa jaka. Ina ganin in muka ci gaba a haka, ranar da irin waɗannan dattawa suka kwanta dama, kiɗanmu zai bi su kushewa, kuma laifin namu ne.

Mu tuna yadda muka zo nan. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar goro daga Kano zuwa Gonja, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou kafin su kai Salaga. Ba haja kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da malamai da mahauta da wanzamai, sun zo da makaɗa. Duk wanda ya halarci bikin Gani a Nikki ya ji kakaki na tashi a gaban sarki, irin kakakin da ake busa wa sarakunan Katsina da Zazzau. Maƙwabtanmu Bariba sun riƙe nasu da daraja, mu kuwa muna jin kunyar namu.

Akwai darasi a wata ƙasa mai nisa. A kudancin Sifen, yankin Andalus da muka sani a littattafan tarihin Musulunci, akwai wani kiɗa da ake kira filamenko: waƙa mai kama da kuka, da gita, da tafi, da rawar buga ƙafa a ƙasa. Waɗanda suka fi rainonsa su ne 'yan ƙabilar Roma, da ake kira Gitano a can, tsiraru ne kamar mu. Sun shiga Sifen tun wajen 1425, sun sha wulaƙanci, har a 1749 hukuma ta yi musu kamun ƙasa baki ɗaya. Duk da haka ba su saki waƙarsu ba. A tsakar gida suka adana ta, a bukukuwan aure da taron dangi, yaro na ji daga bakin kakarsa.

Da aka ga tsohon salon waƙar yana neman ɓacewa, a 1922 mawaƙin rubutu Federico García Lorca da masanin kiɗa Manuel de Falla suka shirya gasa a birnin Garnaɗa don zaƙulo masu iya shi. A 1958 aka kafa cibiyar nazarinsa a garin Jerez. A 2010 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya, kamar yadda ta sa Gelede na ƙasarmu Benin. Kiɗan da a da ake rainawa yau shi ne tutar ƙasar. Amma ku lura, gida ne ya fara riƙewa kafin duniya ta yaba.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin ni ma a gaban allo na tashi: kiɗa lahawu ne, gara ya mutu. Ina girmama wannan magana, kuma gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa. Sai dai hadisi ya halatta buga duffi ranar aure, kuma 'yan Ƙadiriyya a Kano suna zikiri da bandiri har gobe. Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya: da muka kori mai kalangu, shiru ne ya maye gurbinsa? A'a. Abin da ya shigo shi ne na'ura mai zuba kalaman da uba ba zai iya saurara a gaban 'yarsa ba, har tsakar dare. Makaɗin Zango kuwa ya san asalin kowane gida, ya san taken mahauta da na maƙera, kuma in dattijo ya ɗaga hannu sai ya tsaya.

Akwai kuma maganar harshe. 'Ya'yanmu suna Faransanci a makaranta, suna Dendi a kasuwa, Hausarsu kullum tana raguwa. Kirari da take rumbu ne na tsofaffin kalmomi. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma muryoyinsu na nan domin an naɗe su. Namu na Zango wa ya naɗe su?

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Duk mai biki ya ba makaɗan gida lokacinsu kafin a kunna na'ura, ya kuma sallame su da mutunci. Matasanmu masu wayoyin hannu su je gidajen waɗannan dattawa, su ɗauki kiɗansu da bayanin kowane take. Majalisar Sarkin Zango a kowane gari ta rubuta sunayen gidajen makaɗa da abin da suka gada. Mu kuma daina goranta wa ɗan makaɗi sana'ar ubansa, domin gorin ne ke sa yaro ya jefar da gula ya hau babur yana kabu-kabu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattijon nan na bakin zaure yana raye, hannunsa bai mutu ba tukuna. Wa zai je ya zauna gabansa?

Allah Ya sa mu gane, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.