Minista Da Babban Sakatarensa: Wa Ke Riƙe Da Linzami?

A cikin watan Fabrairu na 1980 ne gidan telebijin na BBC a Ingila ya soma nuna wani wasan kwaikwayo na ban dariya mai suna Yes Minister, watau amsar ladabi da ma'aikaci yakan ba ministansa ko da ba shi da niyyar aikata abin da aka ce. Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta shi. An yi kashi 21 zuwa 1982, da wani na musamman a 1984, sa'an nan daga 1986 zuwa 1988 aka ci gaba da shi da sunan Yes, Prime Minister.

Mutum uku ke ɗauke da wasan. Akwai Jim Hacker, ɗan siyasa da aka ba wata ma'aikata ta ƙage, ba a kuwa taɓa faɗin jam'iyyarsa ba. Akwai Babban Sakatarensa, Sir Humphrey Appleby, wanda ya tsufa cikin fayil. Tsakaninsu kuma ga Bernard Woolley, sakataren ofishin minista, wanda yake yi wa Hacker hidima amma ƙarin girmansa yana hannun Sir Humphrey.

Sir Humphrey ba ya yi wa minista gardama a fili. Sai ya cika masa jajayen akwatuna da takardu ya tafi da su gida, takardar da ta fi muhimmanci kuwa tana can ƙarƙashin akwatin ƙarshe. In minista ya matsa, a kafa kwamiti. In ya ƙara matsawa, sai a yaba masa da cewa shawararsa ta jarumtaka ce, nan take jikinsa ya yi sanyi, don ya san ma'anarta ita ce faɗuwa zaɓe. A wani kashi na 1981 an nuna sabon asibiti mai ma'aikata sama da 500, ba likita, ba majiyyaci ko ɗaya, ma'aikatan kuwa suna ta fama da aikin ofis ba hutu. Duk Bahaushen Agege ko na Sabon Ibadan da ya taɓa yin sintiri a kan takarda guda, ana ce masa ya dawo jibi, ba ya bukatar tafinta a nan.

To, amma abin lura shi ne wanda wasan ya fi yi wa daɗi. Firayim Minista Margaret Thatcher ta so shi ƙwarai, har a Janairu 1984 ta hau dandali tare da Paul Eddington da Nigel Hawthorne, masu fitowa a Hacker da Sir Humphrey, suka yi ɗan gajeren wasa. A daidai wannan lokaci gwamnatinta ta rage ma'aikata kimanin 100,000 daga 1979. Dole mai mulki ya so labarin da ke cewa ya yi niyyar alheri, ma'aikata ne suka hana. Alhali kuwa wasan bai wanke Hacker ba. Mutum ne wanda abin da jaridu za su ce gobe ya fi damunsa bisa abin da zai amfani jama'a, sau da yawa ma jan ƙafar Sir Humphrey ce take hana shi tafka ɓarna.

Nijeriya, wadda ta gaji tsarin aikin gwamnati daga Ingila, ta riga ta gwada maganin da mai kallo zai yi saurin rubutawa, watau a karya Sir Humphrey a huta. A zamanin Janar Gowon manyan sakatarori irin su Allison Ayida da Philip Asiodu sun yi ƙarfi har ana ganin sun fi kwamishinoninsu faɗa a ji. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata wajen 10,000, jama'a suka yi ta tafi. Akwai ɓata-gari cikinsu, babu shakka, amma waɗanda suka tsira sun koyi cewa kujera ba ta da tabbas, waɗansu kuwa suka shiga yi wa kansu tanadi tun da sauran rana. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta mai da Babban Sakatare ya zama Babban Darekta, wanda zai sauka tare da gwamnatin da ta naɗa shi, ta kuma danƙa wa minista alhakin kuɗin ma'aikata. Mutumin da abincinsa ke hannun minista, ta ina zai ce masa a'a? Ba a yi shekara goma ba aka koma tsohon tsari a zamanin Janar Abacha, bisa shawarar wani kwamiti wanda, abin dariya, Ayida ɗin nan ne shugabansa.

Wannan ba ya nufin Sir Humphrey mutumin kirki ne. Sai dai ƙarfinsa ba daga daɗewa a kujera kaɗai yake ba, daga ɓoye takarda yake, minista kuwa abokin tarayyarsa ne a nan. Kashin farko na wasan a kan haka aka gina shi: Hacker ya shigo da alkawarin buɗe wa jama'a sirrin gwamnati, kafin a tashi shi da kansa yake neman a rufe wata magana da za ta kunyata shi. Ingila ba ta yi dokar ba jama'a damar ganin takardun gwamnati ba sai a 2000, ta fara aiki sosai a 2005, kuma Tony Blair, wanda gwamnatinsa ta kawo ta, ya rubuta a 2010 cewa ya yi nadama. Nijeriya ta yi tata a 2011. A ƙarƙashinta mai sayar da goro a Agege yana da ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi a nuna masa abin da fayil ya ƙunsa, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, doka kuwa ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa.