Keken tsere ba keken kaya ba ne sai an rage mishi faranti

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mun ga kekunan gwanjo na Turai sun cika kasuwanninmu, irin masu siririyar taya da kan da ya lanƙwashe ƙasa, su Peugeot da Motobécane. Ƙarfensu na da kyau, kuɗinsu da dama. Shi ya sa iyaye mata ke sayen su ma yaran da ke kai musu kaya. To amma ku dubi yaron nan in ya ɗauko kwalin biredi ko jarkar kunu, ya zo hawan tudu daga gadar Kennedy a Yamai, ko ya faɗa yashin Tawa: sai ya sauka ya tura. Sai a ce mishi raggo. Mu dai mun ce laifin na faranti ne.

Waɗannan kekuna an ƙera su ne don gudu bisa kwalta, babu kaya. Farantansu na gaba, galibi babban haƙora 52 gare shi, ƙaramin 42. Da mai 42 a gaba da mai 28 a baya, taka feda sau ɗaya na tura keke wajen mita 3 da ɗan abu. In aka sa mai 34, mita 2 da rabi ne. Tafiya ta ragu, amma nauyin da ƙafa ke turawa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gwiwar yaro ta san bambancin tun ranar farko.

Sai dai a kula, ba kowane faranti ke shiga kowane keke ba. Ramukan ƙusoshin da ke riƙe shi suna bisa wani da'ira. In faɗinta milimita 130 ne, ƙasa da haƙora 38 ba ya shiga, komin dabarar mai gyara. Mai 110 ne ke ɗaukar 34, kuma wannan na nufin a canza hannun feda gaba ɗaya. Tsofaffin kekunan Faransa ma da nasu awo daban, har zaren ƙusarsu. Nan ne wasu masu gyara ke ɗauko walda su liƙa, faranti ya karkace, sarƙa ta riƙa faɗuwa tsakiyar hanya da kaya a baya. Hajiya, kar ki yarda a yi ma kekenki walda a nan.

Bayan an canza, a sauko da ƙarfen da ke tura sarƙa kusa da sabon farantin, a rage tsawon sarƙar in ta yi sako-sako. In kuma sarƙar ta ci, a sauya ta, don tsohuwa na cinye haƙoran sabo.

Wanda zai saya gobe, ya duƙa ya ƙirga haƙora kafin ya yi ciniki, ya cire kuɗin faranti cikin tayinsa.