Ajiyar Fayil a Gajimare: Taimako ko Dabarar Kasuwa?

Duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a 'yan shekarun nan zai lura cewa idan ya rubuta takarda ya zo ajiyewa, OneDrive ne wurin da na'urar kan fara nuna masa. Wannan shi ake kira ajiya a gajimare. Gajimaren kuwa ba na sama ba ne. Manyan kwamfutoci ne da kamfanoni irin su Microsoft da Google da Apple suka jibge a gine-ginensu, inda ake aika kwafin fayil ta intanet. A watan Agusta na 2025 ma, Microsoft ya sanar da cewa manhajar Word ta Windows za ta riƙa kai sabbin takardu can kai tsaye, sai in mutum ya sauya saitin da hannunsa. To, me ya jawo haka?

Dalili na farko shi ne kariya. Kwamfuta takan lalace, ɓarawo yakan ɗauke ta, wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki. Ɗalibin da kundin bincikensa yake kan na'ura guda ɗaya tak, yana iya rasa wahalar shekara cikin dare ɗaya. In kuwa akwai kwafi a gajimare, sai ya buɗe shi a wata na'urar ya ci gaba. Dalili na biyu shi ne sauƙin aiki: malami yana iya fara shirin darasi a kwamfuta ya ƙarasa a waya, kuma mutum uku suna iya gyara takarda ɗaya a lokaci guda.

Sai dai Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Dalili na uku ciniki ne. Microsoft da Apple suna ba da gigabayit 5 kyauta, Google kuma 15. Da zarar hotuna da takardu sun cika wurin, sai a buƙaci mutum ya riƙa biyan kuɗi wata-wata. Kyautar ma takan sauya: a 2016 Microsoft ya rage tasa daga 15 zuwa 5, a 2021 kuma Google Photos ya daina ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. Kamfanonin sun san cewa yawancin jama'a ba sa taɓa saitin da suka tarar, kuma wanda kayansa suka taru a rumbun wani, da wuya ya ƙaura.

A ganina, ajiya a gajimare abu ne mai amfani, amma yin ta ba da sanin mai kaya ba kuskure ne. Amana ana ba da ita ne, ba a karɓarta a ɓoye. Waɗanda suka tsara wannan saiti sun ɗauka kowa yana da intanet mai ƙarfi kuma mai araha. Malamin da aka tura makarantar ƙauye yana iya buɗe kwamfutarsa ya ga sunan fayil amma ya ƙi buɗuwa, domin ainihinsa yana can gajimare, ga shi kuma babu sabis. Haka nan, fayil ɗin da aka goge a na'ura ɗaya yakan ɓace a sauran.

Akwai kuma batun sirri. Tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai amana ce a wuyan malami. Wata dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ta hanyar shari'a, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Nijeriya kuma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, wadda ta ɗora nauyi a kan masu riƙe da bayanan wasu.

Saboda haka, ya kamata malamin gobe ya shiga saitin kwamfutarsa ya ga inda fayilolinsa suke sauka, ya zaɓi abin da zai tafi gajimare da wanda zai zauna a gida, ya ajiye kwafi na biyu a filash, ya kuma ƙarfafa kalmar sirrinsa. Sannan ya koya wa ɗalibansa wannan tambaya tun suna ƙanana: ina kayana suke, kuma a hannun wa?